Wai ɓata lokaci ne koya mana tsarin 'yan sandan Ingila da Amurka?

Ɗan Kawo: Salam jama'a. Yau dai sai na faɗi abin da ke raina. Wannan kwas ɗin na kwatanta tsarin 'yan sandan ƙasashe da ake mana a aji uku, wlh ni a gurina ɓata lokaci ne. Sati huɗu muna kan Robert Peel da yadda ya kafa 'yan sandan Landan a 1829, jiya kuma an tsallaka Amurka da hukumominsu wajen 18,000, alhali ƙanin babana yana can Birnin Gwari damina nawa bai leƙa gonarshi ba. Me haddace wannan zai ƙara mishi? A koya mana namu kawai.

Ummi U/Rimi: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa Allah ya kawo ma kawunka sauƙi, amma ban yarda da kai ba ko kaɗan. Namun da kake cewa daga ina ya zo? Turawan nan tsari biyu gare su, na Landan wanda ɗan sanda ke yawo a unguwa ba bindiga, da na Ailan wanda suke riƙe da makami, suna kwana a bariki, kuma ba a barin mutum ya yi aiki a garinsu. Na biyun suka kai ƙasashen da suka mallaka, harda mu. Shi yasa har yau zaka ga an turo mutum caji ofis ɗin ƙauye bai jin yaren mutanen bai san hanyar daji ba. Ni sai da aka yi mana wannan lakcar na gane ba haka kawai abin ya faɗo daga sama ba, tsara shi aka yi.

Ɗan Kawo: Toh wannan tarihi ne Ummi, a saka shi a kwas ɗin tarihi. Ni abin da ke min ciwo a jarabawa za a ce lissafo rundunoni 43 na Ingila da Wales da bambancinsu da sharif na Amurka, wato shugaban tsaron gunduma a can, ka zuba ka ci maki ka manta.

Ummi U/Rimi: In haka ake tambayar to tambayar ce ta lalace ba kwas ɗin ba.

Baba Sufeto mai ritaya: Assalamu alaikum 'ya'yana. Ku yi haƙuri da dattijo, na dawo karatu da furfura amma na yi shekara 35 cikin kaki. Ɗan Kawo, yaro na, akwai gaskiya a maganarka amma ka tsaya a rabin hanya. Kullum yanzu ana ta kiran a ba jihohi 'yan sanda kamar sabon abu ne, alhali mu nan Arewa mun yi shi mun gani. Kafin Bature akwai dogarai, daga baya aka yi 'yan doka na En'e, suna aiki gefe guda da rundunar Najeriya da aka haɗe ta kudu da ta arewa a 1930. Ɗan doka ya san kowane gida, ya san wanda ya kwana a gari da wanda ya shigo da dare, ɓarawon akuya baya kwana biyu. Amma mahaifina ɗan NEPU ne, mabiyin Malam Aminu Kano, kuma na tashi ina jin yadda ake kama su kan sun yi taro ba izini, a kai gaban alƙali, kafin la'asar mutum yana gidan yari. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa bayan 1966 soja suka rushe su aka zuba su cikin ta tarayya. To in ba ka ajiye wannan kusa da na wata ƙasa ba, ta ina zaka gane ko laifin tsarin ne ko laifin rashin mai tsawata ma mai mulki?

Ɗan Kawo: Allah ya ƙara girma Baba. Ai kaga ka zo gurina, 'yan doka ya kamata a fara koya mana, ba Peel ba. Wlh ko sau ɗaya ba a ambace su a aji ba.

Baba Sufeto mai ritaya: A wannan kam ina bayanka. Amma a fara da su ne na ce, ban ce a tsaya a kansu ba.

Bashir Rigasa: Ni matsalata da zaɓen ƙasashen ne. Kakannina 'yan Maraɗi ne ina zuwa duk shekara, daga ka wuce Jibiya tsarin ya canza, cikin gari 'yan sanda, ƙauye da manyan hanyoyi jandarma masu horon soja, gadon Faransa kenan. Yarenmu ɗaya, dajin ɗaya, ɓarayin shanun ma su ne dai suke tsallakawa su dawo, amma ba mai kawo Nijar a aji sai Japan da ƴan ƙananan ofisoshinsu na koban a bakin titi. Yana da kyau a sani amma dan Allah wanne ya fi kusa da mu?

Ummi U/Rimi: Bashir ka ƙara da Indiya. Su ma Ingila ta mulke su, asalin dokar 'yan sandansu ta 1861 ce, tarayya ce mai yaruka da addinai kamar mu, kuma kowace jiha da rundunarta amma manyan jami'an gwamnatin tsakiya ke ɗaukarsu. Duk da haka sai da Kotun Ƙolinsu ta ba da umarni a 2006 a rage yadda 'yan siyasa ke cilla jami'i duk inda suka ga dama in ya ƙi bin son ransu. Kaga kenan ko mun gyara sashe na 214 na tsarin mulkinmu da ya hana kafa wata runduna bayan ta tarayya, akwai sauran aiki a gaba, kuma su sun riga mu taka wannan ƙayar.

Maman Hanif Barnawa: Ku yi haƙuri na shigo a makare ina girki. Ni tambaya ɗaya nake so duk ƙasar da aka kawo a amsa min ita, in ɗan sanda ya zalunce ni gurin wa zan kai ƙara kuma wa zai iya cire shi. An taɓa tsare ƙanina kwana uku a wani caji ofis, ga rubutu a bango beli kyauta ne, sai da muka haɗa kuɗi. Ban san ƙofar da zan buga ba a lokacin. In kwas ɗin zai nuna min yadda Kenya suka kafa hukuma ta daban mai binciken 'yan sanda bayan tsarin mulkinsu na 2010, da inda ta yi aiki da inda ta gaza, wlh ko samista biyu ne zan zauna.

Ɗan Kawo: Anti Allah ya saka muku. Amma ku duba fa, muna da KADVS, 'yan sintirin gwamnatin jiha, a nan Kaduna, Kano da Hisba, Yarbawa da Amotekun tun 2020, Katsina da Zamfara sun ɗauki nasu, ga 'yan sa-kai ba adadi, gwamna kuma ana ce mishi shugaban tsaron jiha amma sashe na 215 ya ba kwamishinan 'yan sanda damar ya ce sai ya ji daga Abuja. Wannan kaɗai bai isa kwatance ba? Ni har yanzu ina nan kan bakana, kashi biyu cikin uku na kwas ɗin ya zama gida da maƙwabta.

Bashir Rigasa: Rabi da rabi dai.

Baba Sufeto mai ritaya: Ku daina ja a nan, malaminku baya cikin guruf ɗin. Ummi 'yata, ki rubuta takarda cikin ladabi, a roƙi a ƙara 'yan doka da Nijar da Indiya, ni zan raka wakilin aji ofishinshi ranar Litinin bayan azahar.

Ummi U/Rimi: To Baba, insha Allah zan turo daren nan kowa ya duba. Ɗan Kawo za ka sa hannu?

Ɗan Kawo: Zan sa, amma ki rubuta a ciki cewa ni na nemi a rage satin Peel ya koma ɗaya.