Hanyar Abuja zuwa Kaduna: wa za mu tambaya, kuma ta wace ƙofa?

Baban Ummi, Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni direban haya ne, Sharon nake ja tsakanin Kaduna da Abuja, kuma littafin ƙungiya na tasharmu a hannuna yake, shi ya sa duk ƙorafin 'yan'uwa a kaina yake sauka. Ba zagin kowa na zo yi ba, tambaya ce ke cina, ina neman masu ilimi su haska mini.

A watan Disambar 2017 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta ba kamfanin Julius Berger kwangilar hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, kilomita 375, a kan naira biliyan 155, aka ce shekara 3 za a gama. A 2018 ministan ayyuka na lokacin, Babatunde Fashola, ya ƙaddamar da aikin. A 2021 aka ce ba faci za a yi ba, sabuwa za a gina tun daga ƙasa, kuɗin ya koma biliyan 797. Kafin nan, a 2020, an dawo da dala miliyan 311 na kuɗin Abacha, aka ce ayyuka uku za a zuba su: gadar Neja ta biyu, hanyar Legas zuwa Ibadan, da wannan tamu. An buɗe gadar Neja. Wanda ya bi Kaduna zuwa Zariya ma ya san an yi aiki a can, ba za mu ci amanar gaskiya ba. Amma ɓangarenmu, daga Zuba a bi Tafa, Jere, Katari, Rijana har Gonin Gora, shi ne aka bari a baya. A watan Nuwambar 2024 minista David Umahi ya soke kwangilar wannan ɓangare, a 2025 aka miƙa wa wani kamfani mai suna Infiouest, kuma muna ganin ana zuba kankare a wurare.

Madalla da kankare. To amma shekarun da suka wuce fa? Mu ne muka biya su da taya da shokozoba da ƙafar mota, wasu da rayukansu, musamman inda aka haɗe mai zuwa da mai dawowa a hannu ɗaya, ga tirela ga tanka. Na wanke gawar abokan aiki da hannuna. Abin da nake so in sani: nawa aka biya a kan ɓangarenmu, me aka yi da shi, kuma wace ƙofa talaka zai ƙwanƙwasa a ba shi amsa a rubuce? Ko sai dai mu jira lokacin zaɓe?

Tsohon Ma'aikacin Reluwe, Rigasa:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba ku haƙuri. Ɗana, tambayarka tana kan hanya, amma bari in ƙara maka wata a kanta, don ko an gama kankaren nan gobe, idan ba a amsa wannan ba, 'ya'yanka za su sake yin irin kukan da kake yi.

Me ya sa kayan nauyi duk suke kan kwalta? Lokacin da muka shiga aiki, siminti da taki da man fetur da shanu da auduga jirgin ƙasa ke ɗauka. Layin dogo ya isa Kano tun 1911, kuma garin Kaduna kansa a gindin mahaɗar reluwe ya girma. Da aka bar reluwe ta mutu, duk wannan lodi ya koma kan titi. Tirela guda da aka labta mata kaya fiye da ƙima tana cin hanya fiye da ƙananan motoci dubbai, injiniyoyi sun san wannan. Je ka Tafa ko Mararrabar Jos da dare ka ga yadda suke jere a kafaɗar titi, mai yana zuba, kwalta tana narkewa. Ina sikelin auna nauyi? Wa ke tsayar da wanda ya wuce ƙa'ida? Ba a cika yi wa minista wannan tambaya ba, saboda sikeli ba abin da ake yanka masa kyalle a yi biki ba ne.

Sabon layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, daga Idu zuwa Rigasa, kilomita 186, an fara shi zamanin Jonathan, Buhari ya buɗe a watan Yulin 2016. Kamfanin CCECC na Sin ya gina, da bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasarsu, bashin da har jikokinmu suna da hannu a biyansa. Aiki ne mai kyau, na shiga na yi farin ciki. Sai dai fasinja yake ɗauka, kuma bai haɗu da teku ba. Na Legas ya tsaya a Ibadan tun da aka buɗe shi a 2021, tsakanin Ibadan da Abuja babu komai. Shi kuma tsohon layi faɗinsa daban, taragon wannan ba ya hawa wancan. Na Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, an aza harsashinsa a 2021, muna nan muna jira.

Sannan kula da abin da aka riga aka gina. Bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 kusa da Katari, jirgi bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba, mutanen ƙarshe da aka sace kuwa sai a Oktoba suka ga gida. Sai kuma ga jirgi ya sauka daga layi a Asham a watan Agustan 2025. A aikinmu jirgi ba ya kaucewa haka kawai. Akwai littafin duba layi, akwai wanda ya sa hannu cewa wurin canza layi lafiya yake, akwai wanda aka rubuta wa takarda a nemi kayan gyara. Wannan littafi shi ne shaida. Shi ya kamata 'yan majalisa su ce a kawo musu, ba su tsaya ɗaukar hoto a tasha ba.

Hajiyar Kakuri:

Baba, Allah Ya ƙara girma, ka taɓo inda yake mini ciwo. Ni tayil da kayan banɗaki nake sarowa. Da aka buɗe tashar tsandauri ta Kakuri a watan Janairun 2018 har rawa muka taka, don an ce kwantena za ta taso daga Sin da sunan Kaduna a takardarta, kwastan su duba a nan, mu biya kuɗin fito a nan. Manufa ce mai kyau ƙwarai, har yau ina kan wannan ra'ayi. Amma tashar tsandauri ba ta rayuwa sai da jirgin kaya mai zuwa a kan lokaci. In dai kwantenar a bayan tirela za ta zo daga Apapa, to kuɗin mota yana nan, shingayen hanya suna nan, haɗari yana nan, kuma duk a kan mai saye suke ƙarewa. Ga tashar ruwa ta Baro a Jihar Neja, an buɗe ta a Janairun 2019, ni dai ban taɓa jin ɗan kasuwar da kayansa suka sauka can ba.

Abin da ke damuna shi ne kowa da ofishinsa. Tun 2023 titi yana hannun ma'aikatar ayyuka, jirgin ƙasa yana ma'aikatar sufuri, tashoshin ruwa suna wata sabuwar ma'aikata, jiragen sama suna tasu. Kwantena ɗaya sai ta ratsa hannun minista uku kafin ta iso shagona. Idan ta makale wa zan kama?

Malam Baban Ummi, ka tuna 2017 da aka rufe filin jirgin saman Abuja don gyaran titin saukar jirage? Aka mayar da komai filin jirgin Kaduna na mako 6, daga 8 ga Maris. Ministan lokacin, Hadi Sirika, ya fito ya ce zai ajiye aiki idan wa'adin ya wuce, kuma aka buɗe kafin ranar ta cika. Ku direbobi kun fi kowa sanin yadda aka yi gaggawar like ramukan hanyar nan a lokacin, aka zuba jami'an tsaro, saboda manya da jakadu za su bi. Ashe ana iyawa. Bambancin kawai, an san ranar, an san sunan mutumin da zai ji kunya. A maganar kamfanin jirgin sama na ƙasa, Nigeria Air, kuwa, da aka nuna mana jirgin Habasha da fenti a watan Mayun 2023, ba mu ga an tashi ko sau ɗaya ba. Ni ma'aunina ke nan ga kowane aiki: a faɗa mini rana, a faɗa mini suna.

Injiniya Ƙarami, Barnawa:

Hajiya da Baba, ina tare da ku a mafi yawa, amma a yi adalci kan maganar kuɗi. Lokacin da aka ba da kwangilar a 2017 dala tana wajen naira 305 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Baƙin man kwalta, injina da kayan gyaransu duk da dala ake saye, ga dizal ya tashi. Sannan shekarun da ake satar mutane a Rijana da Katari ba kowane ma'aikaci zai kwana a daji ba. Don haka ba kowane ƙarin kuɗin kwangila ne sata ba. Laifin da na gani shi ne jinkiri, don shi ya jefa aikin cikin tsadar. Da an saki kuɗi a kan kari an gama a 2021, da ba mu zo nan ba.

Lauyan Unguwar Rimi:

Injiniya, na yarda, amma ai takarda ce za ta raba gardama tsakanin tsada da sata, kuma takardar muna da haƙƙin gani.

Yaya Baban Ummi, ƙofar da kake nema tana nan, sunanta Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Kowane ɗan ƙasa ko ƙungiya na iya rubuta wa ma'aikatar tarayya ya nemi takarda, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Doka ta ba su kwana 7 su amsa, suna iya ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa. In sun ƙi ko sun yi shiru, kana da kwana 30 ka kai ƙara kotu, kuma hana bayani ba bisa ƙa'ida ba laifi ne mai tarar naira 500,000. Ba zan ɓoye maka ba, sau da yawa shiru ake yi wa mutum. Amma shirun da ka riƙe shaidarsa da hatimin karɓa ya fi ihun rediyo nauyi a gaban alƙali.

Kada ku rubuta doguwar wasiƙar kuka. Ku nemi abu takamaimai: kwafin yarjejeniyar sabuwar kwangila da ranar kammalawa da ke cikinta, jimillar abin da aka biya a kan ɓangaren Abuja zuwa Kaduna daga 2018 zuwa ranar sokewa, takardun shaidar aikin da injiniyoyin gwamnati suka sa wa hannu kafin kowane biya, da shekarun da ɗan kwangila zai ɗauki nauyin gyara bayan ya miƙa aiki. Ɗaya ku kai ma'aikatar ayyuka a Mabushi, Abuja, ɗaya ku kai hukumar zuba jarin ƙasa, NSIA, don ta hannun asusun da take kula da shi aka riƙa biyan kuɗin aikin, har da na Abacha. Ku ba sanata da 'yan majalisar wakilai kwafi, kwamitocin ayyuka nasu ne.

Baba kuma, littafin da kake magana akwai mai ikon buɗe shi. Tun 2022 hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ba haɗarin jirgin sama kaɗai take bincike ba, har da na ƙasa da na ruwa, kuma tana wallafa rahotanninta a intanet. Ita ba ta hukunta kowa, shawarwari take bayarwa. Aikinmu shi ne mu karanta, bayan wata shida mu tambayi hukumar jiragen ƙasa wanne ta aiwatar. Irinku da kuka san aikin ne za ku gane in an yi mana rufa-rufa.

Baban Ummi, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Lauya, ranar Asabar muna da taron ƙungiya bayan la'asar, zan karanta musu abin da ka rubuta, in sun amince mu yi wasiƙar da takardar ƙungiya. Ina roƙon ka duba mana Turancin kafin mu kai. Baba, zan sa maganar sikeli a ciki, ko da yake na san wasu 'yan'uwanmu masu manyan motoci ba za su ji daɗi ba. Tambaya ɗaya ta rage: hatimin karɓar nan, a ofishinsu na nan Kaduna za a buga mana, ko dole sai mun kai Abuja?