Nusuk a wayata don Hajiyarmu, ya zan yi?

Salam jama'a, don Allah ku taimaka min. Hajiyarmu za ta tafi Umara kuma an ce ba a shiga Rauda a Madina sai da izini ta manhajar Nusuk, ita kuma ƴar rakani-kashi gare ta, to ni zan ba ta wayata ta tafi da ita. Abin da ya tsaya min a rai, hotunan matata da yara suna ciki, ga manhajar banki, ga lambobin kwastomomina. In na hana manhajar Nusuk ganin lokeshan da hotuna, izinin zai fito kuwa? Kuma in Hajiya ta dawo na goge manhajar, bayanan fasfonta fa, suna nan wurin masu manhajar ko ana iya sa a share? Wallahi kwana biyu ina ta juya abin na kasa dannawa.