Golf 3 ɗina tana cinye batir, sau biyu ina canzawa har yanzu sai da turi

Abban_Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin mota ku taimaka min. Ina da Golf 3 ƙirar 1996 injin 1.8, da ita nake kai yara makaranta in wuce wajen aiki, wata huɗu kenan tana wahalar da ni. Da safe in na murɗa makulli sai in ji ƙas ƙas kawai ta ƙi tashi sai yaran unguwa sun tura, in ta tashi kuma lafiya lau take tafiya ba ta fizga ba ta komai. Na kai wajen mai cajin batir ya ce batir ya mutu na sayi sabo, sati biyu ya yi ya kwanta, na mayar aka canza min wani shi ma haka. Da daddare fitila ja-ja take yi kamar aci-balbal. Yanzu makanikina cewa yake kik ne, wato abin da ke murɗa inji ya tashi, a sayo ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa, ni kuma wallahi na gaji da sayen abu a kan zato, me kuke gani?

Rewaya_Panteka:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai kar ka sayi kik tukuna, motar da fitilarta ke dushewa tana kan tafiya ba kik ne damuwarta ba, shi kik aikinsa na 'yan daƙiƙu ne ya gama. Batir biyu sababbi ba za su mutu a jere haka kawai ba, ba a mayar musu da wutar da suke bayarwa ne. Ka samu mita ta awon wuta ko ta aro ce ka sa ta a kan volt 20 na DC. Da safe kafin a taɓa motar ka auna kan batir, cikakke yana ba da 12.6, in ka ga 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kwanta. Sai a tayar da ita ka sake aunawa tana sulo, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, ka kunna fitila da fanka ka ga ko zai riƙe sama da 13. In yana nan a 12 da 'yan kai to altaneta, wato na'urar da ke mayar wa batir wuta in inji na aiki, ba ta caji, magana ta ƙare.

Amma ga tambayar da na fi so ka amsa min: in ka murɗa makulli dashbod ya kawo wuta baka kai ga tayarwa ba, jar alamar batir ɗin nan tana kamawa kuwa? Mutane da yawa sun ɗauka ado ce ko gargaɗi kawai, alhali a irin waɗannan motocin ta hanyarta ne altaneta ke samun 'yar wutar da za ta fara aiki da ita. Akwai siririyar waya shuɗiya da ta taso daga bayan altaneta ta tafi dashbod, zafin inji da girgiza na shekaru kusan talatin suna busar da ita ta karye a cikin roba ba ka gani. In ta karye altaneta lafiyarta ƙalau amma ba za ta yi caji ba sai an taka totur sosai inji ya haura wajen 3000, shi ya sa mai tafiyar Kano zuwa Kaduna ba ya lura, mai zirga-zirgar cikin gari a cunkoso kuwa kullum batirinsa a ƙasa.

Malam_Direba77:
Abin da oga ya faɗa gaskiya ne. Ni tawa burosh ne ya cinye, wato ɗan gawayin nan da ke kai wuta cikin altaneta, yana jikin regileta mai daidaita wuta a bayan altaneta kusoshi biyu ne ke riƙe da shi, in ya rage bai kai milimita 5 ba a canza, ba sai an sayi altaneta sukutum ba. Ka duba bel ma, in yana kuka da safe ko ya yi sheƙi to zamewa yake. Hanya mafi sauƙi kuma ka tayar da mota ka zare kan batir, in ta mutu ka san ba ta caji.

Rewaya_Panteka:
Malam direba ka yi haƙuri, wannan na ƙarshen kam a'a. A zamanin Fijo 504 mai kafireta an sha yin haka an kwana lafiya, amma Golf 3 tana da biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, batir shi ke shanye wutar da ta yi tsalle, ka zare shi inji na aiki wutar za ta iya ƙona dayod na altaneta ko ta illata biren bos ɗin gaba ɗaya. Na ga motocin da aka kawo min a kan haka. Mita ta wadatar.

Hajiya_Zinder:
Ni ba makanikiya ba ce amma irin wannan ya same mu a motar maigidana, mu namu wutar cikin but ce ba ta mutuwa in an rufe, duk dare tana shan batir ba wanda ya sani, sai da muka sa waya tana ɗaukar bidiyo a ciki muka rufe sannan muka gane. Ka duba rediyo ma in an haɗa ta kai tsaye da batir. Sannan farin garin nan da ke taruwa a kan batir a wanke shi da ruwan ɗumi da 'yar kanwa a goge a ɗaure da kyau, kar dai ruwan ya shiga cikin batirin. Allah ya sawwaƙe.

Abban_Sadiya:
Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Jiya na ari mita na bi yadda oga rewaya ya ce, da safe 11.9 na gani, da aka tura ta tashi 12.1 bai motsa ba, da na taka totur da ƙarfi sai ya yi tsalle zuwa 14.1 ya tsaya nan. Jar alamar kuwa wallahi ba ta kamawa, kuma sai yanzu na tuna tun lokacin da aka yi min aikin famfon ruwa ban sake ganinta ba, ni na zata alamar lafiya ce. Mun buɗe shuɗiyar wayar ta tsinke dab da soket, an haɗa an naɗe, yanzu da ta tashi 14.2 take bayarwa. Wayar negatib da ke zuwa giyabos ma ta yi tsatsa mun kankare. Batirin na kai an yi masa caji a hankali ya kwana, yau da safe bugu ɗaya ta tashi. Saura tambaya ɗaya oga, batirin da ya sha kwanciya haka zai ƙara daɗewa kuwa ko in fara tanadi?

Rewaya_Panteka:
Alhamdu lillahi. Ya ɗan ji jiki amma ka bar shi ya yi aiki. Bayan sati ɗaya ka auna da safe, in yana 12.5 zuwa sama kuma lokacin da ake murɗa kik bai faɗi ƙasa da 10 ba to ka ci gaba da shi. In sanyin hunturu ya shigo ka sake aunawa ka faɗa mana.