Wa ya fara zana taswirar tuddan Kolorado?

Ɗalibi: Malamai, don Allah wa ya fara zana taswirar tuddan hamada masu shimfiɗaɗɗen kai da ke kudu maso yammacin Amurka?

Malamin tarihi: Cikin Turawa, ana yawan ambaton Bernardo de Miera, wanda ya raka limaman Sifaniya daga garin Santa Fe a 1776, sai dai ya nuna kogin Girin, wani reshen kogin Kolorado, yana malala yamma, kuskuren da masu taswira suka daɗe suna kwafa.

Mai safiyo: Haka ne, malam, amma awo na ƙwarai bai samu ba sai bayan John Wesley Powell ya bi kogin Kolorado da kwalekwale a 1869, domin kwazazzabai masu zurfi sun hana mahaya ƙetarawa.

Malama: Kabilar Hopi kuwa, 'yan asalin yankin, ta riga su duka sanin hanyoyin.