Taƙaitawa: taimaka wa ɗan firamare da lissafin wasa ƙwaƙwalwa

Ga abin da na tsinto daga shawarwarin da mutane suka bayar kan yadda za a taimaka wa yaro da irin wannan lissafi.

1. Kusan kowa ya yarda: yaro ya karanta tambayar, ya faɗe ta da bakinsa kafin ya taɓa fensir. Sau da yawa karatun ne ke ba shi wuya, lissafin kuwa ya iya.

2. Tambaya irin "na ninka wata lamba sau 3, na ƙara 4, na samu 19" daga ƙarshe ake warware ta. A cire 4, saura 15, a raba 3, amsa 5. Kuskuren yara shi ne su fara rabawa kafin cirewa.

3. Akwati mai gida tara da ake cikewa da 1 zuwa 9, ta yadda jimillar kowane layi za ta zo daidai da ta sauran: jimillarsu 45, don haka kowane layi 15 ne. 5 a tsakiya, 2, 4, 6 da 8 a kusurwoyi. A rubuta lambobin a guntayen takarda yana matsar da su, ya huta da gogewa.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce a nuna masa aljebra (lissafin da ake sa harafi a madadin lambar da ba a sani ba), wasu suka ce hakan zai rikita shi da hanyar malaminsa. Ni ma na fi karkata ga ra'ayi na biyu.

5. In ya cije minti 15, a tashi, a dawo anjima.