Jam'in suna a Fotugis: waɗanda suka zauna cikin masu harshen, yaya kuka yi da shi?

Mai Shirin Tafiya, Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin Celpe-Bras, jarrabawar ƙwarewa a harshen Fotugis, don neman gurbin karatu a Brazil, kuma jam'in suna ya tsaya min a wuya. Ƙara -s ba ya ba ni wahala: casa, casas. Inda gizo ke saƙa shi ne kalmomin da suka ƙare da -ão. Coração, wato zuciya, ta koma corações. Pão, burodi, ya koma pães. Mão, hannu, kuma mãos. Don Allah ku gaya mana yadda kuka bi da shi.

Baƙon Nampula: Wa alaikumus salam. Ni ban zauna aji ba, kasuwa ce ta koya min. Kuɗin Mozambik sunansa metical, amma a jikin takardar kuɗin "meticais" za ka gani, kuma wuni ake yi ana faɗarsa: cem meticais, mil meticais. Daga nan kunnena ya kama cewa l ɗin ƙarshe faɗuwa take yi: animal, animais, hospital, hospitais, papel, papéis, anel, zobe, anéis. Pães kuwa wurin mai burodi na koye shi. Da safe layi ne, kowa na miƙa kuɗi yana cewa três pães, cinco pães, sautin yana fita ta hanci. Kafin layi ya iso kanka ka ji kalmar har ta zauna. Shawarata, ɗan'uwa, kada ka haddace tilo shi kaɗai. Mu da muka tashi da gida da gidaje, kare da karnuka, sarki da sarakuna, ba wanda ya zaunar da mu ya ba mu ƙa'ida. Tare muka ji su.

Ɗaliba a Salvador: Alhaji ya yi gaskiya, amma a Brazil a yi hattara da kunnen. A kasuwa da cikin bas za ka ji "dez real" ko "os menino", a sa jam'in a kalmar farko a bar sauran. Haka mutane da yawa ke magana, kuma ba laifi ba ne a wurinsu. Kai mai jarrabawa dai dez reais da os meninos za ka rubuta. Ka kuma lura da wani abu da rubutu ba ya nunawa: ovo, ƙwai, o ɗinsa a rufe yake, a ovos kuma sai ka buɗe baki. Haka olho da olhos, jogo da jogos. Tun da jarrabawar tana da ɓangaren hira da baki, ya kamata ka saba da shi.

Malamin Makaranta, Damagaram: Mu da muka yi boko da Faransanci mun samu sauƙi. Kalmar da ta ƙare da -tion a Faransanci galibi -ção ce a Fotugis, jam'inta -ções: nações, informações, situações. Asalin rabuwar daga Latin take, inda ƙarshen jam'in ya kasance -ones, -anes da -anos. A Fotugis tilon nasu ya haɗe ya zama -ão, jam'in kuma kowa ya riƙe nasa. Sifaniyanci bai haɗe su ba, shi ya sa leones ke nuna leões, panes ke nuna pães, hermanos ke nuna irmãos.

Ɗan Kasuwa a Luanda: Malam, wannan sai mai Sifaniyanci. Ni gajerar hanya na bi. Na rubuta 'yan kaɗan masu -ães: pães, cães, alemães, capitães. Sai masu -ãos: mãos, irmãos, cidadãos, cristãos. Duk wadda ta rage na ba ta -ões, kuma akasari daidai ne, domin su ne mafi yawa. A harkarmu kullum kana cikin milhões de kwanzas, contentores da armazéns. Wannan ta ƙarshe ita ta nuna min m tana komawa -ns: homem, homens, viagem, viagens.

Malamin Makaranta, Damagaram: Hanyarka mai kyau ce. Ƙara wannan: in nauyin murya ba a gaɓar ƙarshe yake ba, -ãos ne. Órgãos, órfãos, har bênçãos, duk da -ção ɗinta.

Mai Shirin Tafiya, Kano: Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: me ya sa barril ya zama barris, amma fácil ya zama fáceis?

Ɗaliba a Salvador: Nauyin muryar ne nan ma. In yana kan -il, -is ne: barris, funis, civis. In yana gaɓar da ta gabata, -eis ne: fáceis, difíceis, úteis. A cikin masu ƙarewa da -s kuwa, lápis da ônibus ba sa motsi, o lápis, os lápis. Amma mês meses ne, país kuma países, domin nauyinsu a ƙarshe yake.