Jiya Ni Ke Tura Keke: Musayar Baitoci a Kan Tsufa

Baffa, daga Makka:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya bayan sallar asuba na shiga ɗawafi da ƙafata kamar yadda na saba, amma a zagaye na huɗu gwiwata ta ƙi, har sai da wani yaro ya kawo mini arabiyya ya tura ni, ni da na shafe shekara 30 ina tura alhazai a irin wannan keke tsakanin Safa da Marwa. Na koma gida da nauyin zuciya, shi ne na tsara waɗannan baitoci.

Shekara saba'in da biyu sun sauka a kaina,
Furfura ta cinye gemu, ta haura zuwa sajena,
Gwiwar da ta yi wa alhazai hidima ta gaza da nauyina,
Jiya ni ke tura keke, yau ni ake turawa.

Mahaifinmu ya taso daga Maiurno ta Sudan da ƙafa da sandarsa,
Ya ratsa Kasala zuwa Sawakin da guzuri a jakarsa,
Ya haye Bahar Maliya ya sauka Jidda da iyalinsa,
Ni ga shi zagaye bakwai ya gagare ni cikawa.

Gwaggo, daga Jidda:

Wa alaikumus salam. Yaya, ban yarda da wannan kuka ba. Ka buɗe Suratur Rum, aya ta 54, sannan ka saurare ni.

Allah ya halicce mu da rauni, sannan ya ba mu ƙarfi,
Bayan ƙarfi ya sanya rauni da furfura, zance ne mai zurfi,
Saboda haka gwiwar da ta gaji ba ta aikata wani laifi,
Ta yi aikinta, abin da ya dace da ita shi ne godewa.

Annabi Zakariyya ya kai ƙara cewa ƙashinsa ya yi rauni,
Kansa ya kunnu da furfura, gashi ya sauya launi,
Bai yanke ƙauna ba, ya roƙi Ubangiji Mai ji da gani,
Sai ga bushara da Yahaya a shekarun da ba a haihuwa.

Manzon Allah ya kewaya Ka'aba a kan raƙuminsa,
A hajjin ban kwana, yana nuna Hajarul Aswad da sandarsa,
Ummu Salama ta yi ciwo, ta kai kuka gabansa,
Ya ce ta yi ɗawafi a haye, to mene ne abin damuwa?

Ɗan ƙanensu, ma'aikacin jinya a Madina:

Baffa, ku gafarce ni zan sa baki a zancen manya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar dattawa da su motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini, kuma na ga da idona yadda tsofaffin da suka daina fita suke saurin kwantawa. Ku riƙa shan ruwa ko da ba ku ji ƙishi ba, domin tsufa yana rage jin ƙishirwa, zafin Makka kuwa kun fi ni saninsa.

Baffa, rabin maganin gwiwa yana cikin tafiya,
Minti talatin da sanyin asuba a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya,
Ku rage cokalin sukari a shayi, ku rage gishiri a miya,
Hawan jini ba ya sallama, sai an dage da aunawa.

Baffa, daga Makka:

Allah ya yi muku albarka. Ƙanwata, labarin Ummu Salama ya sanyaya mini rai fiye da yadda kike zato. Ɗana, na karɓi shawararka, kuma tun yau na ce a mayar da sukarin shayina cokali ɗaya.

Gobe in Allah ya kai mu zan fita tare da jikana,
In taka iya ƙarfina, in na gaji ya riƙe kekena,
In koya masa abin da shekara talatin suka bari a hannuna,
Yadda ake ratsa cunkoso ba a buge dunduniyar kowa.